Wata Shida a Zariya: Abubakar Imam da Koyon Sana'ar Ba da Labari

Duk lokacin da aka tara matasa a zauren bita domin koya musu rubuta labari, akwai gardamar da ba ta rasa tasowa: shin wannan abu ana koyar da shi kuwa, ko baiwa ce da Allah yake ba wanda ya so? Masu cewa baiwa ce sukan kafa hujja da marigayi Alhaji Abubakar Imam, su ce ga mutumin da ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22, bai taɓa zama gaban wani malamin ƙaga labari ba. Masu cewa koyo ne su ma da shi suke kafa tasu hujjar, domin Magana Jari Ce bai samu ba sai da aka ɗauke shi daga ajin da yake koyarwa, aka zaunar da shi wata shida a Zariya, aka jibge masa littattafai, aka kuma sa wani yana bin rubutunsa da gyara. Mutum ɗaya ya zama shaidar masu ƙara da waɗanda ake ƙara. Wannan kaɗai ya isa dalilin sake duba rayuwarsa, balle a wannan ɓangare na iyaka, inda tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, alhali ƙagaggun labaran da aka rubuta da ita aka buga a Nijar har yanzu ba su da yawa.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a wancan zamani yake cikin lardin Kwantagora, yanzu kuwa cikin jihar Neja ta Nijeriya. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, don haka yaron ya buɗi ido ya ga allo da tawada da littattafan Larabci kafin ya san akwai wani abu wai shi boko. Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da kusan shekara ashirin, ya riga shi shiga aikin koyarwa a Katsina, daga baya ma ya zama Walin Katsina. Ta wannan hanya ce Abubakar ya sami kansa a Katsina, ya shiga Kwalejin Horon Malamai a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi aikin koyar da Ingilishi a makarantar Midil ta garin. Kwalejin nan ita ce ta yaye yawancin waɗanda suka riƙe Arewa daga baya, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda zamaninsu ya haɗu a can. Abin lura a nan shi ne, kafin Imam ya cika shekara 21 harsuna uku suna bakinsa, kowanne kuma da irin littattafansa ko labaransa: Larabcin zaure, Ingilishin kwaleji, da Hausar gida da ta kasuwa.

A daidai wannan lokaci Turawan mulki suna fama da wata matsala da su da kansu suka haifar. Makarantun boko sun fara yaye yara masu iya karanta Hausa da baƙaƙen Rumawa, amma in yaro ya gama littafin koyon karatu babu abin da zai ɗora a kai. An kafa Hukumar Fassara a 1929, aka mayar da ita Zariya, aka damƙa ta ga wani jami'in ilimi mai suna Rupert East. Da ya ga fassara kaɗai ba za ta cike giɓin ba, sai aka sauya wa hukumar suna ta koma Hukumar Talifi, shi kuma a 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai da ma'aikata su gwada rubuta labari na ƙirƙira, mai tsawon kimanin kalma 20,000, a yi gasa.

Roƙon bai karɓu da sauƙi ba, kuma East da kansa ya bayyana dalili a maƙalar da ya buga a mujallar Africa a 1936. A wurin malamin wancan zamani rubutu abu ne mai alfarma. Da shi ake adana Alƙur'ani da fiƙihu da tarihi, da shi ake wasiƙar sarakuna. Ƙasar Hausa ba baƙuwar alƙalami ba ce: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi, shi da ƙanensa Abdullahi da ƴarsa Nana Asma'u sun bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Fulfulde da Hausar ajami. Sai dai abin da aka rubuta da Hausa a wancan gado kusan duk waƙa ce, waƙar kuma ta wa'azi ce ko ta koyarwa. Labarin da bai faru ba sunansa tatsuniya, tatsuniya kuwa aikin tsofaffin mata ne da yara, da dare ake yin ta, kuma mai yin ta yakan rufe da amsa cewa ƙarya ya shirga. A ce wa dattijo mai rawani ya ɗauki alƙalami ya zauna yana tsara ƙarya shafi bayan shafi, wannan kusa yake da cin fuska. Shi ya sa waɗanda suka amsa kiran yawancinsu mutanen makarantun boko ne, waɗanda suka riga suka karanta irin waɗannan littattafai da Ingilishi suka ga ba su kashe kowa ba.

Littattafai biyar aka zaɓa aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Biyu daga cikin biyar ɗin daga ɗaki ɗaya suka fito, wa da ƙane. Duk wanda yake neman asalin rubutaccen ƙagaggen labari na Hausa, a nan zai tsaya.

Ruwan Bagaja ya ari sunansa daga tsohuwar tatsuniyar nan ta ƴar bora da ƴar mowa, amma bai ari komai nata ba bayan sunan. Tauraronsa, Alhaji Imam, ya fita daga Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke wulaƙancin da aka yi wa limamin da ya riƙe shi. Tafiyar ce ta ba marubucin damar jera dabaru da barkwanci gari bayan gari, musamman tsakanin Alhaji da abokin gabarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wannan ya yi wa wancan tsiya yau, wancan ya rama gobe. Manazarta sun daɗe da gano cewa zubin nan na mutum biyu masu haɗuwa da rabuwa a garuruwa dabam-dabam daga Maƙamatul Hariri ya fito, littafin da duk almajirin da ya yi nisa a zaure ya sani, kuma Imam bai ɓoye cewa ya sha daga gare shi ba. Ke nan ko wannan littafi na farko, da ake cewa baiwa ce tsagwaronta, yana da malamai. Malaman dai littattafai ne, ba mutane ba. Aibinsa kuma a fili yake ga mai karatun yau: sassansa ɗinki ne na ƙyalle da ƙyalle, ana iya cire gari guda daga tafiyar labarin bai ji a jikinsa ba. Abin da ya riƙe shi shekara casa'in shi ne bakin mutanen cikinsa. Suna magana kamar yadda ake yi a bakin kasuwa da ƙofar fada, da gatse da habaici da rantsuwar ƙarya, kuma wannan ne East ya hango.

A 1936 East ya nemi a ba shi aron malamin nan na Katsina. Imam ya zo Zariya ya zauna wata shida, aikinsa ɗaya: ya karanta, ya rubuta. East ya tara masa littattafan hikayoyi na ƙasashe iri-iri, na Larabawa irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna, na Indiya, da na Turai irin tatsuniyoyin da ƴan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, suka tattara. Imam ya zaɓa, ya rubuta da Hausa, su zauna su tattauna, a gyara. In an cire sunan zamani, wannan shi ne abin da ake kira bitar marubuta a yau, sai dai ɗalibin ɗaya ne, malamin ɗaya, kuma ba kwana uku aka yi a otal aka raba takardar shaida ba. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku, da aka buga tsakanin 1937 da 1939, ɗauke da labarai fiye da tamanin.

Ya kamata a tsaya a kan yadda aka yi wannan aiki, domin a nan ne darasin yake. Ginshiƙin littafi na farko daga Indiya ya zo. A tsohon littafin Sanskirit mai suna Shuka Saptati, aku ne yake tsare matar ubangidansa da labari kowane dare don kada ta fita wurin wani namiji alhali mijin yana tafiya. Imam ya riƙe akun, ya riƙe dabarar jinkirtawa, amma ya zubar da zancen neman maza gaba ɗaya. A nasa, Sarki Abdurrahman ne ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri yana ƙulla yadda yaron zai fita a hallaka shi, aku kuma yana riƙe shi da labari har gari ya waye. Abin da yake cikin haɗari ya tashi daga mutuncin aure ya koma gadon sarauta, wato abin da mai karatu a Katsina ko Zazzau zai fahimta nan take, kuma malamin makaranta zai iya karanta wa yara ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Haka ya yi wa ƙananan labaran. Mai busar nan na garin Hamelin a Jamus, wanda ya kwashe ɓeraye aka hana shi ladansa ya dawo ya kwashe yara, ya zama Sarkin Busa. Kuyangar Grimm da ta cinye kajin baƙo ta haɗa shi da maigida ta zama Kalalatu matar Kalala. Sunaye, abinci, sutura, sarautu, yadda ake gaisuwa da yadda ake faɗa, duk an sauya su, har yawancin masu karatu suka girma suna ɗaukar labaran nan a matsayin gadon kakanninsu.

Wannan shi ne abin da manazarta suke kira baddalawa, kuma ya jawo muhawara mai zafi a jami'o'in Nijeriya. Masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun bi sawun labaran zuwa tushensu, aka wayi gari wasu suna tambaya ko wanda ya ari kusan duk ƙashin bayan labaransa ya cancanci a kira shi maƙagi. Tambayar tana da nauyi, bai kamata a kore ta da fushi ba. Littafin bai lissafa wa mai karatu inda aka ɗauko kowane labari ba, kuma matashin da ya yi haka yau za a tuhume shi. Amma duk wanda ya taɓa gwada fassara shafi ɗaya daga Faransanci zuwa Hausa, ya ga yadda jimlolinsa suke fitowa da ƙafafun katako, ya san tazarar da ke tsakanin fassara da abin da Imam ya yi. Ƙashin labari na kowa ne, yana yawo daga Indiya zuwa Farisa zuwa Misira tun kafin a haifi Grimm. Naman da aka ɗora masa shi ne aikin marubuci, kuma a wannan fage har yau ba a sami wanda ya ture shi ba.

Littafi na biyu gasa ce tsakanin akun Sarki Abdurrahman, wanda ya zama waziri, da wani aku mai suna Haziƙ na Sarkin Sirika, kowa yana kawo nasa labarin. Na ukun kuwa shi ne ya fi dacewa da masu shirya bita su karanta da alƙalami a hannu, domin shi kansa bita ce. Waziri Aku ya tsufa, ya ɗauki ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar. Uban ya ba da labari, ɗan ya gwada nasa, uban ya nuna masa inda ya kuskure, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da tsawa. Ta bakin tsuntsu Imam ya shigar da abin da mai ba da labari yake bukatar sani game da masu sauraronsa da zaɓen abin da ya dace da wuri da lokaci. Da wuya a karanta wannan juzu'i ba a tuna cewa wanda ya rubuta shi yana zaune ne a gaban nasa malamin a daidai lokacin ba. Almajirin ya mai da zaman karatunsa labari, ya kuma ba kansa kujerar malam.

Imam ya ambaci wasu daga ka'idojin da East ya ɗora shi a kai. Wadda ta fi shahara ita ce kada a bar mugu ko macuci ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙarshen labari, komai ƙarfinsa. Ka'ida ce ta mai shirya littattafan makaranta a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka, wadda ba ta son yara su koyi cewa zamba tana biya, kuma ta dace da tarbiyyar gidan malamai da Imam ya fito. Amma tana da farashi. Duniyar Magana Jari Ce duniya ce da sarki nagari yake samun nasara, maci amana ya ji kunya, talaka mai wayo ya sami lada daga fada. Babu Nasara mai karɓar haraji a cikinta, babu aikin tilas. Wanda ya koya wa mutum riƙe alƙalami yakan koya masa har da abin da ba a rubutawa, kuma wannan gaskiya ce game da kowace bita, ko wane ne ya biya kuɗin zauren.

A nan ne kwatanci da wannan ɓangare na iyaka yake da amfani. Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato tafiyar ƴan mintoci ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwa kusan ɗaya. Amma tun bayan da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Ƙonni a 1899, ƙaddarar rubutu ta rabu biyu. Lakwal ta Faransa da Faransanci kaɗai take koyarwa. A shekarun 1930, lokacin da East yake neman labarai da Hausa, makarantar William Ponty ta Senegal ita ma tana sa ɗalibanta su tattaro al'adun garuruwansu su mai da su wasan kwaikwayo, amma da Faransanci. Boubou Hama, wanda ya yi karatu a can kuma ya zama babban marubucin Nijar na zamaninsa, da Faransanci ya rubuta littattafansa. Hazaƙa ba ta tsaya a bakin iyaka ba. Abin da ya tsaya shi ne hukuma mai albashi da injin buga littafi da makarantun da za su saya. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, shekara arba'in bayan gasar Zariya.

Nasarar Magana Jari Ce ita ce ta raba Imam da ƙaga labari. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati tana son hanyar kashe jita-jita da isar da nata bayanin ga jama'a. Aka naɗa Imam editanta na Hausa, ya bar Katsina ya dawo Zariya da zama, ya riƙe aikin fiye da shekara goma. Ga ɗalibin kimiyyar harshe wannan zango ya fi na farko muhimmanci. Jarida ba ta jira. Dole a sami yadda za a faɗi jirgin yaƙi da majalisa da zaɓe da kasafin kuɗi da Hausa kafin a kai shafi ga injin, ko ta aro, ko ta ƙirƙira, ko ta faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma. A wannan zamani ne kuma baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna daram a bugu, bayan an daɗe ana nuna su da ɗigo ko waƙafi. Abin da ake kira daidaitacciyar Hausa, mai jingina da karin Kano, a teburin Imam da abokan aikinsa ya sami jiki, tun kafin a kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, tun kafin taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 su zauna kan ƙa'idojin rubutu. Wanda ya buɗe tsohon bugun littattafansa zai ga wasu abubuwa sun sauya, misali yadda ake raba ya ke da su ke waɗanda yanzu ake haɗewa, amma ginin jimlar shi ne dai wanda ake koyarwa.

Wannan gado yana da nauyi na musamman a kan matashin Ƙonni ko Malbaza ko Illela ta Adar da ya zauna zai rubuta labari. A gida yana cewa sunka tahi, littafi yana cewa suka tafi. Yana cewa hwari, littafi yana cewa fari. Yana cewa shina zuwa, yana rufe jimla da na ko ta inda littafi yake sa ne ko ce. Malaminsa mushe ne, makarantarsa lakwal. Bernard Caron ya rubuta littafi guda a kan Hausar Adar a 1991, wanda ya nuna cewa tsari ne cikakke mai ƙa'idojinsa. Duk da haka, da yawa daga masu fara rubutu sukan ɗauka cewa kafin labari ya zama adabi sai an wanke shi daga duk wannan, a sa wa tsohuwar Dogarawa bakin ƴar birnin Kano. Wanda ya yi haka yana kwaikwayon kalmomin Imam ne ya bar hanyarsa. Shi bai sa mutanensa sun yi magana kamar littafi ba, littafin ya sa ya yi magana kamar mutane. Mai ba da labari yana iya riƙe daidaitacciyar Hausa don a karanta shi daga Agadas har Kumasi, ya bar mai sayar da albasa a Galmi ya yi ciniki da bakinsa.

Jarida ta ja Imam cikin siyasa. A 1943 yana cikin ayarin ƴan jaridar Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. Da Azikiwe ya shirya takardar neman a tsara hanyar ba da mulkin kai, Imam bai sa hannu ba, abin da ya sa wasu ƴan kishin ƙasa na Kudu suka daɗe suna kallonsa a matsayin ɗan amshin shatan Turawa. Hukuncin bai cika adalci ba. A wannan tafiya ya gana da Lugard, ya kuma bayyana masa koke-koken matasan Arewa masu ilimin boko game da yadda ake gudanar da mulki ta hannun sarakuna. Mutum ne mai son gyara daga ciki, a hankali, mai tsoron kada a yi gaggawar da za ta bar Arewa a baya. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zama ɗan majalisa, sa'an nan ya bar siyasa ya koma hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, inda ya daɗe.

Bai daina rubutu ba. Shi da East sun fitar da Ikon Allah, jerin littattafan da suke bayyana halittu da kimiyya da Hausa, ya kuma rubuta littattafan tarihin Musulunci da na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma bai sake fitar da ƙagaggen labari mai girman na farko ba. Duk abin da ake tunawa da shi a wannan fanni ya gama rubuta shi kafin ya cika shekara 30. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA ta 1954, da kamfanin NNPC na 1966 sun ci gaba da buga littattafai, amma labaran hira sun riƙa fitowa ne jefi-jefi, kuma abin mamaki, kusan duk lokacin da suka yunƙuro gasa ce ta tashe su. Gasar NNPC ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Sai a tsakiyar shekarun 1980 matasan Kano, mata da maza, suka fara buga nasu da kuɗinsu, suna karanta wa juna a ƙungiyoyi irin su Raina Kama, ba su jira wani East ba. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta komo da tsohuwar hanyar, wannan karo domin mata.

Imam bai ga wannan bunƙasa ta Kano ba. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Ya bar rubutaccen tarihin rayuwarsa bai kai ga bugawa ba, Abdurrahman Mora ya tattara ya shirya shi, kamfanin NNPC ya buga a 1989. Daga wannan littafi ne ake samun mafi yawan abin da aka sani game da wata shidan nan na Zariya da abin da ya gudana tsakaninsa da East. Da Ingilishi aka buga shi.